Orpha da Goɗiyar Yayanta

Orpha Kuhns ita ce auta a gidansu, a wata gona da ke gabas da Millersburg, cikin jama'ar Amish, wasu Kiristoci da ba sa tuƙa mota, sai keken doki. Ubanta dawakin jan keken yake kiwo, irin masu dogon wuya da ke ɗaga gwiwa har kusan ƙirji idan suna sassarfa. Tun tana ƙarama ta iya ɗaura doki a keke ita kaɗai, amma abin da take so shi ne ta ɗora sirdi ta hau, wanda kuma ba a yi a gidansu, balle ga 'ya mace. Ta karɓi baftisma tana budurwa kamar sauran 'yan'uwanta. Bayan 'yan shekaru ta tattara kayanta ta bar cocin. Da kafin baftisma ta tafi, da abin ya tsaya a ɓacin rai. Da yake bayan ta yi alkawari ne, sai aka ƙaurace mata.

Ƙauracewar ba ta hana gaisuwa ba, ba ta kuma hana a taimake ta ba. Abin da ta hana shi ne ciniki da ita, da karɓar abu daga hannunta. Ana iya ba ta, ba a karɓa. Ziyara ba wanda ya haramta ta kai tsaye, sai dai duk wanda ke yawan zuwa wurinta ba tare da dalili ba, dattawan coci za su so jin bayani.

Ta daɗe a wata bargar masu hali kusa da Columbus tana kwashe kashin dawaki, tana koyon hawa a kan waɗanda ba mai son hawansu. Ta doshi arba'in lokacin da ta dawo yankinmu ta kama hayar wata tsohuwar bargar shanu ta mayar da ita ta dawaki. A nan na san ta. Ni mai harhaɗa magunguna ce a cikin gari, 'yata Corinne kuma ta yi shekaru tana koyon hawa a wurinta kafin yarinyar ta rasu. Ban daina zuwa ranar Asabar ba. Orpha ba ta taɓa tambayata dalili ba, sai dai ta miƙo min buroshi.

Ban da koyar da yara, sana'arta ita ce ruwa-biyun dawaki. Manoman yankin sukan haɗa ingarman keke na asalin Holan da kowace irin goɗiya suka samu, abin da bai yi wa keke ba kuma ya tafi gwanjo. Orpha takan zaɓi ɗaya ko biyu a shekara ta gwada su a wasan tsallake sanduna. Wasan iri biyu ne. A wanda suke kira na mafarauta, ko da yake ba mai farautar komai, alƙali yana kallon kyan tafiya ne: kai a ƙasa, ƙafa na sharar ciyawa, tsalle cikin natsuwa. A ɗayan kuwa, na tsalle zalla, ba a duban kyau. Agogo ne alƙali, sai kuma sandar da ta faɗi. Idan iyayen yara suka tambaye ta ko irin waɗannan dawaki sun dace da wasan, amsarta ɗaya ce: ta ga masu tsalle da yawa a cikinsu, mafarauta kaɗan, kuma ba ta yanke wa doki hukunci da sunan ubansa.

Wata Asabar da hantsi, keken doki ya shigo harabarta da wata goɗiya ja ɗaure a baya. Mutumin da ya sauko babban yayanta ne, Mahlon. Rabonta da ganinsa a kusa tun jana'izar mahaifiyarsu.

"Auta," in ji shi, yana gyara malafa, "ashe kin tsufa."

"Kai ma gemun nan ya kusa share ƙasa. Yaya, lafiya? Wa ya mutu?"

Ta faɗa, sannan ta ɗan dube ni, kamar ta tuna da 'yata. Na ci gaba da goge sirdin da ke hannuna.

"Ba wanda ya mutu. Ga dai wadda ta kusa kashe ni."

Sunan goɗiyar Tillie. Ubanta dokin keke ne, uwarta tsohuwar 'yar tsere da Mahlon ya tsinta a gwanjo. Laifinta shi ne ba ta tsayawa a sassarfa. Da ta ga hanya ta miƙe sai ta ɓarke da sukuwa da keke a bayanta, matarsa kuma ta ce ba za ta sake shiga ba.

"Sayar miki dai ba zan yi ba, kin sani," in ji Mahlon. Ya juyo wurina. "Malama mai magani, a hannunki na bar ta. Inda kika ga dama ki ajiye ta, ba ruwana. A duba min kawai. In ta dace da wasan nan naku na tsalle-tsalle, a samo mata mai saye. In ba ta dace ba, gwanjo na nan."

"To ina kike ganin za ki ajiye ta?" in ji Orpha, fuskarta ba alamar dariya.

Na ce zan yi tunani. Na ja goɗiyar zuwa ɗakin farko da ke buɗe a bargar.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Tillie ba ta taɓa aiki ba sai da fatar nan da ake kare wa dokin keke gefen ido. Ranar da Orpha ta fara hawanta da linzamin sirdi, goɗiyar ta juya ido ta ga mutum a samanta ta baya, ta zabura ta watsar da Orpha a cikin yashi. Orpha ta tashi ta kakkaɓe wando. Daga ranar ta koma tsayawa a kan duro tana taje ta daga sama, safe da yamma, har goɗiyar ta daina damuwa da wanda ya fi ta tsawo.

Sukuwa ta fi wuya. A gidan Mahlon duk lokacin da ta yi sukuwa sai an fizge mata baki, don haka ta ɗauke ta a matsayin laifin da ba ta iya dainawa. Da Orpha ta nemi ta yi, sai ta yi taku kaɗan ta tsaya da kanta tana rawar jiki, tana jiran hukunci. Orpha ba ta matsa mata ba. Ta riƙa sakinta a fili da wani tsohon doki mai son gudu, sannan ta hau ta bi bayansa da linzami a sake. Sai da hunturu ya wuce goɗiyar ta yarda ba wanda zai taɓa mata baki.

Mahlon yakan zo duba dabbarsa, abin da ba dattijon da zai hana mutum. Da farko sau ɗaya a wata, daga baya kusan kowace Asabar. Yakan jingina da katangar filin ya sa ido.

"Har yanzu kanta a sama, kamar mai duban hadari," in ji shi wata rana.

"Gadon gidanku ne. Ka taɓa ganin ɗan Kuhns ya sunkuyar da kai?"

"Ke dai kin fi kowa. Kuma wannan wandon, ba kya jin kunya? Kamar ɗan kwangila."

"Ka kawo min rigar matarka in hau da ita, mu ga wa zai ji kunya."

Yakan ba ta labarin gida a fakaice, kamar yana yi wa goɗiyar magana: wace ce ta haihu, wa ya sayar da shanunsa, wace 'yar'uwarsu ce ƙafa ke damu. Sau ɗaya Orpha ta manta. Tana cikin dariya ta sauko, ta miƙa masa igiyar ragama don ya riƙe mata ta cire sirdi. Mahlon bai ɗaga hannu ba. Bai ɓata fuska ba, ya dai tsaya yana kallon igiyar, ita kuma hannunta a miƙe. Na karɓa na ba shi. Ranar bai jima ba ya tafi.

A shekara ta biyu amsar ta fito fili. Mun kai Tillie wata ƙaramar gasa. A ajin mafarauta ta zaga fili wuya a tsaye, gwiwa na tashi, alƙali ya sa ta a ƙarshe, kuma bai zalunce ta ba. A ajin tsalle ta wuce komai ba ta taɓa sanda ba. Lasifika da tutoci da suka firgita wasu dawakin ba su dame ta ba, don dabbar da ta saba manyan motoci na wuce ta a titi ba ta ɗauki tuta a bakin komai ba. Wata mai horar da mahaya daga wajen Cleveland, Renee Pawlak, ta biyo mu har wurin tirelar ɗaukar dawaki ta ce tana da ɗalibar da goɗiyar za ta yi wa daidai.

"Ba ta gama ba," in ji Orpha.

Haka ta gaya wa Mahlon ma: da saura. Ban ce ƙarya ta yi ba. Kowane doki da sauransa. Wani watan canjin ƙafa ne a kan kwana bai zauna ba, wani watan tsallen ruwa ne. Amma ni da ita mun san inda maganar take. Idan ta ce ta dace, goɗiyar za ta tafi Cleveland. Idan ta ce ba ta dace ba, gwanjo, daga nan kuma bayan keken wani mai fizgar baki. Ko kyauta Mahlon ya ba Orpha ita, ta tashi daga zama dabbarsa. Ta kowace hanya ba shi da sauran abin dubawa a harabar Orpha.

A haka aka shiga shekara ta uku. Orpha ba ta iya tsallake sanduna masu tsayin da goɗiyar ke buƙata, ƙugunta ba ya bari. Tillie ta fara gundura, tana cizon katako a ɗaki.

Wata Asabar Mahlon ya zo bai tsokane ta ba. Ya jingina da katanga.

"An tare ni bayan coci," in ji shi. "An ce wai wane irin doki ne wannan da ake shekaru ana dubawa. Na ce ai 'yan waje komai nasu a hankali yake."

"Suka ce me?"

"Ba su yi dariya ba. Auta, ki gaya min gaskiya. Ta dace ko ba ta dace ba?"

Orpha ta kwance igiyar sirdi, ta sauke shi ta ɗora a katanga, ta shafa gumin da ke bayan goɗiyar da tafin hannu.

"Mafarauciya dai ba za ta taɓa zama ba, ko za a shekara ashirin. Wuyan nan da gwiwar nan na ubanta ne, ba sa fita. Amma tsalle, ban taɓa samun kamarta ba. Akwai mai so. Tun bara take so."

"Tun bara," in ji Mahlon.

"Tun bara."

Ya gyaɗa kai, ya ce min in yi magana da matar, tunda a hannuna dabbar take. Ni na yi cinikin, ni na kai masa abin da aka biya har gida.

Ranar da Renee ta zo da tirela, Mahlon ya riga ta isowa. Ba a sha wahalar shigar da Tillie ba. Renee ta duba ƙafafunta, ta yi alkawarin turo hotuna, ta ja motarta. Orpha ta tsaya har tirelar ta sha kwana, sannan ta ɗauki cokalin kwasar taki ta shiga ɗakin da goɗiyar ta bari ta fara sharewa.

Mahlon ya kwance dokinsa daga turke. Ya sa ƙafa ɗaya a matakin keke, ya tsaya. Sai ya sauke ƙafar, ya zaga bayan bargar hannuwa a baya, kai a sama. Ya jima kafin ya dawo ya leƙa ƙofa.

"Auta, wa ya yi miki rufin nan?"

"Haka na same shi."

"To abin kunya ne. Kwanon kusurwar gabas duk ya ci tsatsa, katakon ƙasansa ma ban yarda da shi ba. Dusar ƙanƙara ɗaya mai nauyi, sai ki kwana da dawakinki a fili."

"Ba ni da kuɗin kafinta, Yaya."

"Wa ya ce ki biya? Ko kin biya wa zai karɓa?" Ya sake ɗaga kai ya dubi rufin. "Sai dai ba aikin rana ɗaya ba ne. Ni kaɗai ne, kuma gwiwata ba kamar da ba."

Orpha ba ta juyo ba. Ta ci gaba da tara taki a baro.

"Tsani na bayan rumbun ingirici," in ji ta. "Ka ɗauka da kanka."