Gawon da Ya Fi Ƙiba

Ɗiyata ta samu aiki a furojen itatuwa, wato shirin kare itatuwa, nan Madarumfa. Kowace shekara takan auna kaurin kowane icce, ta maƙala masa lamba, wai ana biyan gari saboda gurɓatacciyar iskar da itatuwa ke shanyewa. Bana na riƙe mata bakin igiyar awo a gindin gawon kufanmu.

"Inna, wannan ya fi duka ƙiba. Me kuke ba shi?" ta ce tana dariya.

A ƙarƙashinsa muka binne yayanta, wanda bai kai ranar suna ba. Ban taɓa gaya mata ba. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji ina tambaya ko za a sare shi wata rana.

"Muddin lambar nan tana jikinsa, ba mai taɓa shi."

Na ce alhamdulillahi. Har yau maganar tana cikina.