Baba Mai Walda da Gardamar Auren Kyaftin

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuli, muna ɗakin wankin ƙoda an gama sa mana allurai, Sista ta shigo ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta ce Allah ya yi wa Baba Mai Walda rasuwa bayan sallar asuba, a gidansa, a gaban iyalinsa. Babu wanda ya iya miƙewa a cikinmu, domin kowa a haɗe yake da injinsa. Daga inda muke kishingiɗe muka yi salati. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa muka nufa. Kai dai ka riga mu isa ne, Baba.

Ga wanda bai san ɗakin nan ba, kujeru shida ne a jere, kowace da injinta a gefe, sai talabijin guda a bango. Talata, Alhamis da Asabar muke zuwa, a cire jinin mutum a wanke a mayar masa, awa huɗu cur. Lokacin da aka fara kawo ni, shekara ɗaya da rabi ke nan, ina da shekara talatin da uku, ina koyarwa a makarantar firamare, ga 'ya'ya biyu ƙanana. Ba na gaida kowa. Ina zuwa sai in ja mayafi in rufe fuska. Sauran ma haka suke, ba ka jin komai sai ƙarar inji.

Kai ne a kujera ta uku, kusa da tawa. Ka haura sittin, hannuwanka duk tabon tartsatsin wuta na shekara arba'in a bakin walda. Wata Alhamis ka zo da filashi a aljihun riga, ka roƙi Sista ta jona shi a talabijin. Wani shiri ne mai dogon zango, labarin jirgin sararin samaniya da ya ɓace hanya ɗauke da mutum ɗari uku, suna yawo tsakanin taurari suna neman duniyar da za su sauka su zauna. Mace ce Kyaftin ɗin jirgin. Ka kafa doka biyu: kashi ɗaya za a kalla a kowane zama, kuma ba wanda zai je gida ya kalli na gaba. Sannan ka juyo ka ce da ni, "Malama, ni Turancina na kan takardar magani ne. Ke za ki riƙa fassara mana." Na ce ba ni da ƙarfi. Ka ce ai bakina ba a jona shi da inji ba.

Kafin wata guda ɗakin ya rabu. Maza biyu ne a labarin suke son Kyaftin: Likitan jirgi, mai tsafta da daɗin baki, da Makaniki, wanda kullum yana can ƙasa cikin injina da baƙin mai a fuska, ba ya iya haɗa jimla biyu a gabanta. Ni da Lauya, wanda ke kujera ta biyar, muka tsaya wa Likita. Kai ka ɗauki Makaniki kamar ɗan cikinka. Hajiya mai sayar da labule kuwa ta ce dukanmu ba mu da tausayi, mace na fama da mutum ɗari uku muna neman ƙara mata na ɗari uku da ɗaya. Sista ta daɗe tana cewa ita aiki take yi, ba ta kallo, har ranar da wani jakada mai shuɗiyar fata ya zo daga wata duniya neman sulhu, muka ji ta daga bayan inji tana cewa ai wannan ya fi su duka natsuwa. Hajiya ta ce a fara binciko danginsa tukuna.

Ba soyayya kaɗai kake wa sharhi ba. Duk lokacin da aka nuna ana liƙe ɓarakar jikin jirgi, sai ka girgiza kai ka ce wannan haɗin ba zai yi mako ba, da kai ne da ka kori wanda ya yi shi daga shago. Amma idan an zo kan zuciyar Makaniki, ba ka yarda a taɓa shi. Na tuna ranar da Likita ya tsaya gaban tagar jirgi ya jero wa Kyaftin kalamai, na fassara su da zumuɗi, na ce son da ba a furta ba ai bai da amfani. Da aka gama kashin, sai ka ce, "Kin lura ƙofar ɗakinta ta daina ƙara? Wa kike jin ya gyara, kuma wa ya sa shi? Shekara talatin da takwas ina tare da Mamanku, ban taɓa iya irin maganar likitan nan ba. Amma ki tambaye ta ko ta taɓa roƙona gyaran wani abu sau biyu."

A ranar, da na fito, na tarar da maigidana a cikin mota inda ya saba jirana awa huɗu, ya kwantar mini da kujera tun kafin in iso. Watanni ina ɗaukar shirunsa a matsayin gajiya da ni. Ban koma ɓangaren Makaniki a fili ba, don kada Lauya ya ce na ci amana, amma ka gane, kuma ba ka taɓa yi mini gori ba.

Abin da ya sa na ga wajibi ne in rubuta wannan ya faru ne a wata na bakwai da fara zuwana. An gwada yayata ko za ta iya ba ni ƙoda, sakamako ya fito bai dace ba. Na sare. Na ƙi zuwa ranar Talata, na ƙi zuwa ranar Alhamis. Maigidana ya yi lallashi, mahaifiyata ta yi kuka, Sista ta kira na ƙi ɗauka. Ƙafafuna suka kumbura, numfashi ya fara yi mini wuya, ni kuwa na ce a bar ni haka. Ranar Juma'a da safe wata baƙuwar lamba ta shigo, na ɗauka bisa kuskure, sai na ji muryarka. Ba ka yi mini wa'azi ba, ba ka tambaye ni jiki ba. Ka ce, "Malama, kin san inda muka tsaya. Makaniki na maƙale a wajen jirgi, iskarsa ta kusa ƙarewa. Yau kwanansa shida a can, na hana a kunna. Ki zo ki fitar da bawan Allah."

Na ce ku kalla ba ni. Ka ce an gwada Lauya da fassara a kan tallar sabulu, ya yi ta kamar yana karanta hukuncin kotu, Hajiya har ta yi barci. Na yi dariya ban shirya ba, dariyar ta juye kuka, kana riƙe da waya ba ka kashe ba har na gama. Kafin azahar ina asibiti. Likitanmu ya ce da na ƙara kwana biyu, da wani zancen ake yi. Washegari aka kunna, aka ceto Makaniki, kuma Likitan jirgi ne ya fita ya jawo shi. Lauya ya yi mako yana tuna maka.

Da muka je gaisuwa gidanka, babbar 'yarka ta ja ni gefe ta gaya mini abin da ba wanda ya sani a ɗakinmu. Ashe ka kalli shirin nan tun daga farko har ƙarshe shekaru huɗu da suka wuce, ita ce ma ta fassara maka. Ka san wanda Kyaftin ta zaɓa, ko kuma in ba ta zaɓi kowa ba. Amma ka zauna fiye da shekara kana gardama da mu har jijiyar wuya, kana zare ido kamar yau ka fara gani. Ta ce da ta tambaye ka dalili, cewa ka yi mutumin da yake son jin abin da zai faru ranar Alhamis, zai yi ƙoƙari ya kai Alhamis. Ta buɗe baki za ta faɗa mini ƙarshen labarin, na toshe kunnuwana a gaban masu zaman makoki.

Ina godiya ga Allah da ka ji labarina mai daɗi kafin ka tafi. Ƙanena da ya dawo daga karatu ya je an gwada shi ba tare da ya sanar da kowa ba, kuma ya dace. Wata mai zuwa za a yi mini dashe, in Allah ya yarda. Kai ka san zuciyarka ba za ta ɗauki irin wannan aiki ba, likitoci sun daɗe da gaya maka. Duk da haka ranar da na faɗa maka, ka ɗaga hannun da ba allura ka yi ta hamdala, har injinka ya yi ƙara Sista ta zo ta tsawata maka. Da ka natsu, abin da ka fara cewa shi ne in koya wa wani fassara kafin in tafi.

Na fara, Baba. Wani tela aka kawo makon jiya, yana jin Turanci, kuma yana zuwa da hula a rufe da fuska kamar yadda nake yi da mayafi. Hajiya ta karɓi rimot, dokokinka biyu na nan. Saura kashi goma sha ɗaya. A zama na biyu telan ya ɗage hular ya tambaye mu wai me ya sa ba wanda ke maganar matuƙin jirgi, shi ma fa da alama yana ciki. Lauya ya gyara zama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka biyar, da jikoki, da abokan sana'arka da suka rufe shaguna suka raka ka. A madadin Sista, Hajiya, Lauya da duk wanda ya taɓa zama a kujerun nan, muna shaida maka da alheri. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya ba iyalinka haƙuri da albarka a bayanka. 'Ya'yana biyu sun tashi yau sun tarar da uwarsu tana shirya su makaranta, kuma kana da hannu a cikin wannan. Allah ya saka maka da Aljanna Firdausi, amin.