Hancin Dubagari

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana aikin dubagari a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga murya a kasuwa ba. Ya ɗaga wa wa? Hancinsa ne ke yi masa faɗan. Mutum ne ɗan siriri, mai farar riga da ta sha guga, da biro biyu a aljihun gaba, da hatimin hukuma a cikin wata 'yar jaka da ba ya rabuwa da ita. Idan ya shigo layin mahauta da safe, sai ka ga ƙarti suna gyara tsayuwa, wannan na korar ƙuda, wancan na tura wani abu ƙarƙashin tebur da ƙafa. Duk a banza. Zai gaisa da kowa, ya tambayi iyali, sannan ya ɗan ɗaga kai ya ja iska, ya ce wa mai teburin ya fito da na jiyan nan da ya ɓoye.

Tun yana ƙarami haka yake. Shi uwarsa ke kira ya shinshina miyar da ta kwana, in ya yamutsa fuska a zubar, ko da babu wata. Da hukuma ta ɗauke shi aiki, aka tura shi makaranta ya koyo sunayen ƙwayoyin cuta da tazarar da ta kamata tsakanin rijiya da salga, amma kowa ya san ba takardar ce ke aikin ba. Ya san ƙarnin kifin yau, ya san na wanda ya narke aka sake daskarar da shi. Ya taɓa leƙa wata rijiya ya ce salgar maƙwabta na tsiyaya a ciki, aka yi ta musu har da rantse-rantse, aka kai ruwan ɗakin gwaji. Bayan sati biyu takarda ta dawo ta maimaita abin da ya faɗa a tsaye. Daga ranar mutane suka daina jayayya da shi, duk abin da ya buga wa hatimi sai a ci da ido rufe.

Sai ga wata mura. Mura dai irin ta kowa, kwana shida da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, matarsa na ta dafa masa ruwan citta. Ya warke, ya koma aiki, ya shiga layin masu kifi, ya ja iska, bai ji komai ba. Ya ɗauka toshewa ce, ya fyace, ya sake ja. Babu. Ya wuce bakin wata magudana da ya yi wata uku yana rubuta takarda a kanta, wadda ko akuya kauce mata take yi, ya tsaya a wurin kamar mai jiran mota, har yanzu babu.  Likitan da ya je gani a ɓoye, can nesa da unguwa, ya ce na wasu yakan dawo, na wasu ba ya dawowa, sai dai a jira.

Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Shi a tunaninsa ya iya ɓoyo. Kai, maza! Matar da ta yi shekara talatin tana shan ƙorafinsa, yau man girki ya tsufa, gobe tsumman kicin na wari, jibi wa ya taɓa kananzir ya taɓa mini kofi, ita za a ɓoye wa? Da ta ga sati guda gida shiru babu ƙorafi, ta san da magana. Ran nan ta bar shinkafa ta kama da gangan. Ƙauri ya cika gidan har maƙwabciya ta leƙo ta katanga, shi kuwa gogan naka yana zaune a tsakar gida yana goge takalmi. Ta sauke tukunyar, ta zo ta zauna kusa da shi.

"Malam, tun yaushe?"

Ya so ya ce tun yaushe me, ya dubi fuskarta, ya fasa. Ya ce tun murar nan. Ya ce saura shekara uku ya yi ritaya, kuma in aka ji labari an gama da shi, don in ka cire hancin nan me ya rage? Wani tsoho mai biro biyu. Tausayinsa ya kama ta sosai, amma ba ta nuna ba, don ta san halin kayanta, in ka tausaya masa a fili sai ya ƙara shigewa ciki.

Ita ta kawo dabarar. Ta ce ita ma Allah bai hana ta hanci ba, kuma shekara talatin a gidansa ko tabarya ce ta koyi wani abu. Dama kullum tana zuwa cefane. Za ta riƙa shiga gabansa da 'yan taku, ta ɗauki kifi ko tsoka kamar mai son saye, ta kai kusa da fuska. In lafiya, kwando na hannun dama. In da matsala, ta mayar da shi hagu. Ya ce wannan ai ha'inci ne. Ta ce to ya kawo wadda ta fi. Bai kawo ba.

Wata biyar suka yi a haka. Da la'asar sai ya zaunar da ita ya yi ta karatu, wannan warin na jinin da ya kwana ne, wancan na kitsen da ya fara juyawa, ita kuma tana ce masa ya rage surutu ya bar ta ta ji. Shi ma ya ƙara dogara da ido da yatsa, ya duba idon kifi, ya danna tsoka ya ga ko za ta taso. Wata rana hannunta ya gaji ta sauya kwando ba tare da ta lura ba, saura kaɗan ya kwashe wa wani bawan Allah naman da aka yanka da asuba. Ya danna, ya juya, ya ga nama fes, ya ɗago ya harare ta, ta yi wuf ta mayar da kwandon dama. Da suka koma gida sun yi dariya har ta riƙe ciki. Rabon da su yi irin wannan dariyar tare tun yara na ƙanana. Amma fa duk sanda ya ɗaga hatimin nan zai buga, sai gabansa ya faɗi, kuma ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ranar wata Laraba naƙuda ta kama 'yarsu ta fari, matarsa ta bi ta asibiti tun da sassafe. Ko awa biyu ba a yi ba aka aiko daga makarantar kwana ta yara, wai an kawo katan goma na kifi, kuma ana raɗe-raɗin wuta ta ɗauke kwana biyu a ɗakin sanyin mai kawo kayan. Dokar hukuma ce, sabon kaya ba ya shiga tukunyar makaranta sai dubagari ya buga hatimi. Ya duba ofis ko da wanda zai tura, duk sun fita. Ya ɗauki jakarsa ya tafi shi kaɗai.

Shugabar masu girkin makarantar wata ƙatuwar mata ce da ake kira Uwar Tukunya, kuma tsakaninsu akwai tsohon tabo. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin tana da rumfar abinci a tasha, ya rufe mata rumfar sati guda saboda ruwan wanke kwanoni. Tun daga nan gaisuwarta gare shi ba ta wuce ta kan leɓe ba. Ya same ta a tsaye da takarda a hannu, mai kawo kayan na gefe yana rantsuwa da duk abin da ya sani cewa injinsa bai taɓa tsayawa ba.

Da ya dubi kifin a cikin baho, ransa ya ɓaci. An riga an yanka kifin gunduwa-gunduwa, an zubar da kawunan, an wanke da gishiri da lemun tsami. Babu ido da zai duba. Ya danna, tsokar da sauran ƙanƙara a jikinta, ba ta gaya masa komai ba. Ta taga yana jiyo yara ɗari uku suna bin malami karatu da ƙarfi, kuma ƙarfe ɗaya za a kaɗa musu ƙararrawar abinci. Ya sunkuya kamar yadda ya saba, ya lumshe ido, ya ja iska mai tsawo. Ya miƙe, ya buɗe jaka, ya fito da hatimi, ya danna shi a tawada.

Uwar Tukunya ta sauke ajiyar zuciya. "To, alhamdu lillahi. Ni tun safe raina bai kwanta da shi ba, amma na ce tunda kai za ka zo, ni wace ce da zan sa hanci."

Hannunsa ya tsaya a sama. Ashe abin da ya jawo ke nan. Matar nan ta yi shekara arba'in a gaban murhu, hancinta ya gaya mata gaskiya tun safe, ta danne shi saboda nasa. Kuma ba ita kaɗai ba, mahauta da masu burodi da uwayen yara, kowa ya rataye hancinsa ya bar masa aikin, shi kuwa nasa ya mutu. Kunya ta rufe shi, da tsoro, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ajiye hatimin a kan tebur.

"Uwar Tukunya, wata biyar ke nan ba na jin wari, ba na jin ƙamshi. Ko mushe kika ajiye mini a nan ba zan sani ba. Ki shinshina da kanki, abin da kika ce shi zan rubuta."

Ya tsaya yana jiran dariya, don ya san ta samu ranar ramuwa.  Amma sai ta fita waje, ta wanke hannu da fuska, ta ɗan sha iska don ƙarnin kicin ya bar ta, ta dawo ta zaɓi gunduwa mai kauri, ta tsaga ta har ƙashi, ta kai hanci. Ta ɗauki ta biyu daga wani baho, ta uku daga wani. Ta ce a zubar. Mai kawo kayan ya fara hayaniya, ta ce in ya tabbata, yanzu ta soya masa guda biyu ya cinye a gabansu. Ya ja da baya. Dubagari ya rubuta, ya tsaya aka haƙa rami aka binne kifin a gabansa, yara suka ci shinkafa da wake a ranar.

Ita ta rako shi har bakin ƙofar makaranta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta ɗauko maganar rumfa ba. Abin da ta tambaye shi kawai, to abinci fa, yana jin daɗinsa? Ya ce in ban da gishiri da yaji, komai kamar tsumma yake taunawa. Ta ce Allah sarki, haka mahaifiyarta ta yi fama, ya gaya wa maiɗakinsa ta riƙa matsa masa lemun tsami, ta riƙa ba shi abu mai ƙaras-ƙaras, baki yakan ɗan farka.

Daga nan ofis ya nufa, kafin zuciyarsa ta ba shi wata shawarar. Shugabar sashen yarinya ce da shi ya koya wa yadda ake ɗibar ruwan gwaji. Ya gaya mata komai, har da kwandon. Ta rufe baki da hannu, ka rasa dariya take dannewa ko kuka. Ta ce, Baba, ka san ba zan iya bar maka hatimin abinci ba. Ya ce ai abin da ya kawo shi ke nan. Ta ce zai koma kan rijiyoyi da magudanai, ya horar da sababbin ma'aikata biyu, kuma duk wata ya tara masu sayar da abinci ya koya musu su yarda da hancinsu. Ya ce to, ya gode. Ya fito da jaka babu nauyi, kuma kada wani ya yi maka ƙarya, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Rana ta karkata lokacin da ya isa asibiti. Matarsa na bakin ɗakin masu jego, ta tare shi da albishir, an sauka lafiya, mace ce. Sai ta dubi fuskarsa. Ya ce na faɗa musu. Ta gyaɗa kai, ta ce ka kyauta, Malam, dama hannuna ya gaji. Ta ja shi ciki, 'yarsu na kwance tana murmushin gajiya, aka ɗora masa jaririyar a hannu.

Bai san lokacin da ya sunkuya ba. Haka ya yi wa 'ya'yansa duka ranar da aka haife su, hancinsa a tsakiyar kai, ya ja iska. Ya ja, ya sake ja. Ga ɗumin kan a leɓensa, ga gashi mai laushi yana taɓa masa hanci, amma babu komai. Idonsa ya ciko, ya kawar da kai don kada mai jego ta gani.

Matarsa ta matso har kafaɗarta na taɓa tasa. Ta sunkuya kan jaririyar, ta lumshe ido yadda ya koya mata, ta daɗe.

"Madara ce mai ɗumi," ta ce a hankali, "da ɗan sabulu, da wani abu kamar burodin da aka fito da shi yanzu. Irin na uwarta ne sak."

Ya ce ta ƙara faɗa. Ta sake sunkuyawa, ta faɗa masa daga farko.