Kuluwa ta tahi da rabin waƙar rijiya

Kuluwa ta rasu.

Da safen nan labarin ya ishe ni, ina tsugune ina ba awaki dusa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ce Tsahara ta Gangara, matar marigayi Idi mai gyaran amalanke. Ban iya rubutu ba. Saratu matar ɗana, wadda ke koyarwa a lakol, makarantar boko, ita ke rubutawa a portabul ɗinta, wayar hannu, za ta sa a shafinta. Na ce mata abin da na faɗa shi za ta rubuta, kar ta gyara mani magana.

Sun ce ta yi sallar asuba a gidan ɗanta a Gazawa, ta jingina da bango, shi ke nan. Ko tari ba ta yi ba. Ni da gwiwa ta hana ni barci shekara uku ina nan zaune, ita ce ta samu irin wagga tahiya mai sauƙi. Haka take tun muna yara. Komi mai kyau ita yake fara samu.

Ku da kuka san ta a waya, Kuluwa mai waƙar rijiya kuka sani. Ni tun ba mu iya ɗaura zane ba na san ta. Ita ke waƙa, ni ke kiɗan ƙwarya, wadda ake kifawa cikin baho da ruwa a buga da 'yan sanduna. Biki, suna, duk inda aka kira mu tare muke. Allah ya ba ta murya, wannan ba ni ɓoyewa. Tawa kuwa kamar ana jan tasa a tsakar gida.

Amma waƙoƙin na Innata ne. Ni na ba ta su baiti baiti, muna daka. Saratu, rubuta wannan da kyau.

Bara waccan Mushe Hamisu (Mushe muke ce wa malamin boko) ya aje aikin lakol, ya ce zai ɗauki waƙoƙin tsohi kafin mu ƙare. Ya kai mu ɗakinshi, ya rataye barguna a bango, ya kori kaji, muka zauna jiran injin niƙa na makwabta ya yi shiru.

Ya aro babban mikoro irin na masallaci. Ya juya ordinatar ɗinshi, kwamfutar da za ta ɗauki muryar, dama, ya juya hagu, ya ɗaga ta ya leƙa ƙasa. Babu ramin da za a sa shi. Rami ɗaya gare ta, ɗan ƙarami, na abin sawa a kunne.

Na ce, "Mushe, ka sayi akwati mai baki ba kunne?"

Ya ce, "Inna Tsahara, haka suke yin su yanzu."

Sai ya ciro ekutar ɗin wayarshi, igiyar nan da yara ke toshe kunne da ita. A jikin igiyar akwai wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake. Ya ce nan ne kunnen, ta nan za ta ji mu.

Muka fara. Da ya maido mana abin muka saurara, ba a jin komi sai ƙwaryata, tana ƙara kamar ana yaga tabarma. Ya ce in ja baya. Na ja. Ya ce in ƙara, ruwan bahona ma yana tsoron ya fantsama wa na'urarshi. Na ja har bakin ƙofa. Har yanzu dai na danne muryar Kuluwa.

Ya ce to sai an raba mu. A ɗauki kiɗa shi kaɗai, sannan a ɗauki murya ita kaɗai, shi zai haɗa daga baya.

Shekara hamsin da wani abu ban taɓa buga ƙwarya babu murya a gabana ba. Hannuna numfashin Kuluwa yake bi. In ta ja, in jira. In ta sauke, in sauke. Sau huɗu ina farawa ina ɓacewa. Zufa ta karyo mani, kunya ta kama ni gaban ɗan da na san ranar sunanshi.

Kuluwa ta tashi ta fita, ta zagayo ta taga. Ta tsaya cikin rana tana yi mani waƙar da leɓe kawai, babu sauti, tana gyaɗa kai. Ina kallon bakinta ina bugawa. Waƙa shida muka yi haka, da tsufanta, ko zama ba ta yi ba.

Wannan ta yi mani, na faɗa.

Da lokacinta ya zo, Mushe ya riƙe mata ƙullin nan dab da baki kamar mai ba jinjiri magani. Ni aka ce in fita waje, wai numfashina na shiga. Na zauna gindin rumbu ina korar kaji kar su yi kuka.

Bayan sati biyu abin ya bazu. Waya zuwa waya, har rediyon gari ta sa. Muryarta a gaba, tas, kamar tana zaune kan tabarmarka. Ƙwaryata can baya, kamar daka a wata unguwa. Ga hotonta da mayafin aro. Ga sunanta. Saratu ta karanta mani rubutun sau biyu, babu Tsahara, babu sunan Innata.

Ran kasuwar Gangara mai tumatir ya sa waƙar, ya ce mani, "Inna, kin san tsohuwar ga? An ce ta nan ce."

Na ce ban san ta ba.

Daga Katsina aka aiko mata da atamfa. Wani ɗan ƙasar waje ya kira ta a waya yana kuka, wai ta tuna mashi da kakarshi. Rabin atamfar ta yanka ta aiko mani. Ban ɗinka ba. Tana nan cikin kwalla, in na buɗe na gan ta raina ya ɓaci.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Waƙar rijiyar da kuke ji rabi ce. Innata ta yi ta shekarar da rijiyar garinmu ta ja ƙasa, mata na kwana jan guga. Rabin farko na rijiya ne da guga. Rabi na biyu sunayen matan ne ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowace ta yi. Ba a yin shi wurin biki, don duk sun mutu. Ni kaɗai Inna ta koya wa.

A ciki akwai baitin mahaifiyar Kuluwa, wadda ta rasu ta bar ta a goye. Kuluwa ba ta san fuskarta ba. Sau ɗaya ta ji baitin a bakin Inna muna ƙanana, bai zauna mata ba. Na yi niyyar ba ta shi ranar ɗauka. Da aka zaunar da ni gindin rumbu, na haɗiye abina.

Ganinmu na ƙarshe kafin girbi ne. Ta hau kabu-kabu, babur ɗin haya, daga Gazawa, ta sauka tana riƙe da ƙugu.

Ta ce, "Ƙawa, har yanzu kumburin ne? Fuskar nan taki ba ta da wurin ƙarin tamoji."

Na ce, "Manya masu rediyo, mi ya kawo ku gidan talaka?"

Ta yi dariya, ta zauna, ta jawo ƙwaryar furata ta sha ba a miƙa mata ba. Ta ce Mushe ya sayo wani ɗan akwati a Maraɗi, ana liƙa shi gefen ordinatar, yana da ramin mikoro biyu. Ɗaya nata, ɗaya nawa, a ɗaki guda, lokaci guda, yadda muka saba. Ta ce ta yi mashi faɗa kan suna, ya ce mantuwa ce, zai gyara.

Sai ta rage murya. "Ki ba ni baitin Innata, Tsahara. Ko ba a ɗauka ba. In ji dai mi ta yi a bakin rijiyar."

Na ce sai bayan girbi.

Ba ni da gona, ita ma ta sani. Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya kai mu." Ta bar mani goro biyu kan tabarma.

An yi girbi, an kai hatsi rumbu, ban aika ba. Ina jira ta sake hawo kabu-kabu ta roƙe ni karo na biyu. Gaskiyar ke nan.

Saratu na kuka. Ni ban yi ba, kuka ba ya gyara wannan.

Ga abin da ya rage tsakaninmu, kowa ya ji nashi.

Sani ɗan Kuluwa, babbar ƙwaryata mai ɗinki a baki tana ɗakin uwarka, a maido mani. Turminta da ta bari a gidana tun tashinku, ka aiko a ɗauka, na 'ya'yanta mata ne.

Mushe Hamisu, bayan sadakar bakwai ka ɗauko ordinatar ɗinka da akwatin naka mai rami biyu ka zo gidana. Ka sa muryarta ta yi rabinta, inda ta tsaya ni zan ɗora da wagga muryar tawa, mai jin daɗi ya ji, wanda bai ji ba ya toshe kunne. Ka rubuta sunan Innata Hakama a sama. Sai na Kuluwa. Sai nawa, kuma wannan karon ka karanta mani in ji.

Jikokin Kuluwa ku zo ranar. Uwar kakarku sunanta Ladi. Ita ce aka ɗaura wa igiya a ƙugu ta shiga rijiyar ta yashe ta, ranar da maza suka ce ba su shiga. Abin da Kuluwa ta hau kabu-kabu ta zo ji ke nan, na bar ta ta koma ba ta ji ba.

Allah ya jiƙan Kuluwa, ya yalwata kabarinta, ya haɗa ta da uwar tata su ga juna. Duk wanda ya taɓa jin muryarta a wayarshi, ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku.

In kun gama nata ku sa ni ciki. Ita ba ta riƙe ni da komi ba, na sani. Ni ce na riƙe.