Gidan Ammu Wagdi a Hawa na Bakwai

Ammu Wagdi maƙwabcina ne a benenmu na unguwar Sidi Bishir, nan Iskandariya ta ƙasar Masar. Tuƙin jirgin ƙasan cikin gari ya yi har ya yi ritaya. Bayan rasuwar matarsa, Nawal, hankalinsa ya koma Aswan, can kudu nesa da teku, inda 'yarsa Nermin take aure. Ta haifi ɗa, shi kuwa sai dai ya gan shi a waya.

Ya sa gidan a kasuwa. Zafi ya wuce, sanyi ya shigo, ko tayi babu. Masu saye sukan hau, su leƙa baranda, su sauka.

Ran nan ina wurinsa muna shan shayi, sai ga dillaliyar, Madam Sausan, tana haki saboda lif ya sake lalacewa.

"Ammu, a tallar mun ce gida yana kallon teku," in ji ta. "Ina tekun?"

Ya kai ta baranda, ya ce ta ranƙwafa ta dubi hagu. Can tsakanin dogayen benaye biyu da aka gina daga baya, ga ɗan shuɗi kamar zare.

"Sai mutum ya kusa faɗowa zai gan shi. Kuɗin tekun da kuka saba gani kai da marigayiya Hajiya kake nema, Ammu, shi kuwa ya tafi. A rage farashi, a yi fenti, a fitar da kabad ɗin nan da ya tare haske, a sake hotuna."

"Kabad ɗin auren Nawal ne, 'yata."

"Na sani. Tafi da shi Aswan."

Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

Da sati ya zagayo, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce in zo mu kwance kabad. Yana ta ninke rigunan Nawal ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na yi kamar ƙusoshi nake nema.

Aka cire teku daga tallar. Wata ma'aikaciyar jinya da mijinta suka taya, ya sallama.

Yanzu yana Aswan. Yakan kira ni ran Juma'a, jikan yana ta wangale masa baki a kunne. Ya ce lafiya lau yake, kifinsu dai ba ya da gishiri. Kafin ya ajiye yakan tambaya:

"Ana ruwa a wajenku? Nan ko ɗigo. Ɗan miƙa wayar ta taga in ji."