Ƙwai Ɗari da Ashirin a Abu Hujar

Talata: daga gida zuwa Madani

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fita daga gida, ko shayi ban sha ba. Ƙauyenmu yana yamma da Hasahisa, tafiyar rabin sa'a a raksha, wato keke mai ƙafa uku, idan ruwan gona bai ci hanya ba. Na yi sallah a masallacin tasha, na shiga hafla, wato ƙaramar bas ɗin da ke zuwa Madani, muka zauna jiran mutum uku har gari ya waye. Sanyi ake yi sosai, kowa ya naɗe kansa.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne, shekara ashirin da biyu ke nan. Yayata Zainabu tana wani ƙauyen Hausawa kusa da Abu Hujar. Mijinta ya rasu lokacin gudun yaƙin nan da kowa ya sani, kuma abin da take riƙe 'ya'ya biyar da shi injin ƙyanƙyasar ƙwai ne, wanda muke kira fakkasa. Ranar Lahadi ta kira ni ta ce bawar ya ƙone, ga ƙwai ɗari da ashirin a ciki, sun kwana goma sha huɗu, saura bakwai su fashe. Bawar wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai huje-huje da ke mayar da wutar gari bolt goma sha biyu, shi ke ciyar da hita da fankar injin. Wanda ya ƙone ɗin ni na saya mata ta waya, mai arha, mara nauyi kamar gwangwanin da aka shanye. Kunyar wannan ta dame ni.

Maƙwabcinta Alhaji Musa ya ara mata batirin taraktarsa, yana tayar da ita safe da yamma don ya cika. Amma ya ce ranar Laraba zai wuce gonakin dawa, girbi ba ya jira.

Maigidana marigayi Usta Bakar (usta ake ce wa gwanin sana'a a nan), wanda ya koya mini aiki, yana da hanyarsa ta gane kayan wuta. Yakan ce, "Haruna, in anka ba ka abu, hwara ɗaga shi ka ji. Jan ƙarhe nauyi gare shi." Da wannan muka yi aiki shekara da shekaru, bai taɓa ba mu kunya ba. Don haka da na sami wani mai sayarwa a Bur Sudan ta shafinsa na intanet, ban tambaye shi komai ba sai nauyi. Ya ɗora a sikeli ya turo mini hoto, ya rubuta cewa asali ne, ƙarfinsa amfiya goma. Na biya kuɗin guda biyu ta waya, ya ce zai sa a bas, in karɓa a Madani.

Mun tashi bakwai saura kwata. Kilomita arba'in da ɗoriya ne, amma shingen bincike uku muka wuce, kowanne a sauka, a nuna kati, a buɗe jaka. Ƙarfe tara da minti goma muka shiga Madani.

Madani

Ofishin saƙon wata rumfa ce a bayan tasha, kwalaye jibge har rufi. Mai rumfar ya ce bas ɗin ta iso, amma kayana suna ƙasa. Sa'a biyu na yi a tsaye yana janye buhunan wasu. Da ya miƙo mini kwalin, hannuna ya ɗan yi ƙasa, sai na ji zuciyata ta kwanta. Na fito da su, fenti sabo, rubutu tsaf. Na roƙi mai rumfar na jona a wutarsa, na sa mita: sha biyu daidai, duka biyun. Ban jona musu komai da zai ja wuta ba, domin ba ni da shi a jaka, kuma a gaskiya ban ga dalili ba.

Ina cin ful, wato dafaffen wake, da gurasa a bakin tasha, jine dubu huɗu na kuɗin ƙasar kowane kwano, sai ga wayar Yaya.

"Haruna, ina kake?"

"Madani, Yaya. Abin ya zo hannuna."

"To ji nan. Inna Kulu ta nan unguwarmu ta zagaya gari, ta samo kaji bakwai da ka kwanci. Na riga na ba ta ashirin da huɗu ta sa ƙarƙashin nata biyu. Sauran matan sun ce in kawo yau, in ba haka ba su sa nasu ƙwan. Mi kac ce?"

Al'adar garin ke nan: mai kaza ta kwantar miki da ƙwai, idan sun fashe ta ɗauki ɗaya cikin uku. Na duba bawar biyu a cinyata, na sake ɗaga ɗaya.

"Kada ki raba, Yaya. Don mi za ki ba da sulusi banza? Wanga ba irin na hwarko ba ne, da kin ɗaga shi kin san asali na."

Ta ce, "To, kai as sani. Allah shi kawo ka lahiya."

Madani zuwa Sinja

Sha biyu da rabi muka bar Madani a wata bas mai kujera ashirin da biyar, mu talatin da ɗaya. Kilomita ɗari ne zuwa Sinnar. Hanyar ta lalace, direba yana bin gefen kwalta fiye da kwaltar kanta. Gonakin alkama kore shar a dama da hagu, wasu kuma an bar su ciyawa ta cinye, masu su ba su dawo ba tukuna. A shinge na biyu wani mai bincike ya zaro bawar ɗaya daga jakata, ya juya shi, ya tambaye ni da Larabci mene ne. Na yi masa bayanin kaji da ƙwai. Ya jinjina shi a hannu ya ce, "Tagil, da asli," wato mai nauyi ne, na gaske. Har godiya na yi masa.

Taya ta fashe kafin Sinnar, ta ci mana sa'a guda da kwata. Mun isa huɗu da rabi, na sauya mota. Mun wuce Mai Wurno rana tana faɗuwa, na ji mata masu sayar da gyaɗa suna ciniki da Hausa ta taga, amma gajiya ba ta bar ni na ce musu ko sannu ba. Sinja kilomita sittin da wani abu ce daga Sinnar, mun shiga bayan magariba, motocin Abu Hujar duk sun tashi. Na kwana a lakwanda, wato masaukin matafiya, kusa da kasuwa, gadon igiya a tsakar gida jine dubu biyar, bargo sai ka ƙara dubu. Na ƙara.

Laraba: Abu Hujar

Shida da rabi na shiga bayan boksi, wato a-kori-kura, tare da buhunan albasa da wata tsohuwa mai akuya. Kilomita arba'in, sa'a ɗaya da rabi. Daga Abu Hujar raksha ta kai ni ƙauyen a minti ashirin, ta bakin kogi, tsakanin lambunan ayaba da mangwaro.

Na tarar da tarakta a ƙofar gida, Alhaji Musa yana zaune a kai yana jan carbi. Yaya ta rame fiye da yadda na bar ta bara. Ta kawo ruwa, na ce a bari sai na gama. Fakkasar tana ɗakin da mijinta yake ajiye kayan noma, ƙwai casa'in da shida jere a ciki. Na cire wayoyin batir, na ɗaura bawar, na jona. Koriyar fitila ta kama, fanka ta juya, hita ta fara ɗumi. Tara saura minti biyar.

Alhaji Musa ya leƙo ya ce, "Usta, in ɗauka?"

Na ce, "Ɗauka, Alhaji, Allah shi saka."

Ya sa batirinsa ya tafi. Inda gonakin suke ko waya ba ta shiga.

Muna zaune a rumfa ina cin kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa, Yaya tana dafa gahawa, sai muka ji tas daga ɗaki, kamar an taka busasshen kara. Warin ya riga ni isa ƙofa. Wanda ya yi wannan aiki ya san warin nan, ba ya bukatar mita. Minti arba'in kacal bawar ya yi ya ƙone.

Na ce kada ta damu, ai biyu na sayo. Na ɗaura na biyun. Da fanka kaɗai sha biyu yake nunawa, ina haɗa hita allura ta faɗo bakwai ta tsaya. Hitar ko ɗumin tafin hannu ba ta kai ba. Na kwance wanda ya ƙone, kusoshi huɗu, na ɗaga murfi. Allon wutar da ke ciki bai fi na cazar waya ba, ya lafe a kusurwa guda. Sauran wurin kuwa guntun rodi ne na gini, tsawon yatsa biyu, da tsatsarsa, an manne shi da gam. Na buɗe ɗayan, shi ma haka.

Yaya tana tsaye a kaina. Ta miƙo hannu na ba ta ƙarfen, ta jinjina shi.

"Shi ne nauyin?"

"Shi ne, Yaya."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na kira mutumin Bur Sudan sau shida, a na bakwai wayar ta daina shiga.

Ragowar yinin a guje muka yi shi. Yaya ta bi gidajen matan nan, duk sun sa nasu ƙwan tun jiya, kamar yadda suka faɗa. Ni na koma kasuwar Abu Hujar, na bi rumfunan gyara huɗu, babu abin da ya wuce cazar waya da fitilun hannu. Na yi hayar batirin raksha, ya riƙe sa'a uku ya mutu. Muka jera kwalaben ruwan zafi a cikin injin muka rufe da barguna, muna sauyawa. Zafin yakan hau ya wuce, ya sauko ya wuce, ba mu iya tsayar da shi wuri guda ba.

Alhamis

Da safe muka rufe taga, Yaya tana miƙo ƙwai ɗaya-ɗaya ina haska su da tocila. Ɗan tsako mai rai yana motsi idan haske ya taɓa shi. Mun haska casa'in da shida, tun daga na ashirin na san babu, amma ba ta daina miƙowa ba, ni ma ban ce ta daina ba. Muka haƙa rami a bayan gida muka binne su.

Inna Kulu ta shigo da hantsi, tsohuwa ce mai ido ɗaya da kaifin baki. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne ustan da kac ce kada a ba kaji?"

"Ni ne, Inna."

"To, kajina ba su da nauyi, amma suna nan bisa ƙwai."

Yaya ta ce, "Bar shi, Inna, shi ma cuta tai anka yi." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki rodi ɗaya ta ce zai yi mata amfani wajen danne murfin tukunya. Ɗayan na jefa a jaka, ban san dalili ba.

Juma'a: komowa

Biyar da rabi na asuba na bar ƙauyen. Yaya ta rako ni bakin hanya da ƙullin gyaɗa da busasshiyar kuɓewa, na ce ba zan karɓa ba, ta cusa a jakar ba ta ko dube ni ba. Sinja takwas, Sinnar goma da rabi, a can na yi Juma'a. A wani shinge mai bincike ya zaro rodin ya ce wannan fa? Na ce saya na yi. Ya dube ni, ya mayar, ya ce in wuce. Madani ƙarfe huɗu, Hasahisa shida saura, na shiga gida ana kiran magariba, ƙafafuna sun kumbura.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Musa da ya jinkirta girbinsa kwana uku, da direbobin da suka yi haƙuri da hanya, da Inna Kulu da kajinta biyu. Allah ya jiƙan Usta Bakar, a zamaninsa gaskiya ya faɗa.

Ranar Lahadi ina shago, rodin yana kan tebur kusa da mita, saƙon murya ya shigo daga Yaya. Ta ce goma sha tara sun fashe cikin ashirin da huɗu, Inna Kulu ta ɗauki shida, ita tana da sha uku. Ina jin kukansu a bayan muryarta. Ba ta ambaci casa'in da shidan ba. A ƙarshe ta ce, "Haruna, in ka samu wani bawar ka gaya min, kai ɗai nika da wanda ya san abin ga."

Na saurara sau uku. Har yau ban ba ta amsa ba.