Sakatar Lukuman

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2008, cikin watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Lukuman Jibirin Kabo. Babur ne ya zame da shi a kan titi bayan ruwan safe, yana hanyar zuwa Gwarzo wurin aiki. An yi jana'izarsa a Kabo bayan azahar. Ni Haladu, abokin aikinsa a shagonmu na intanet da ke kusa da tasha, ina cikin waɗanda suka saka shi a makwancinsa.

Lukuman, har yau ban yi kuka ba. Ina buɗe shago, in tayar da janareta, in zauna. Mutane na shigowa suna cewa ya haƙuri, bakina yana amsawa, ni kuwa ban san inda nake ba. Kujerarka tana nan, da yagaggen matashin nan da ka hana a canja.

Wanda bai san aikinmu ba zai ɗauka danna maɓalli ne kawai. Idan sakamakon jarrabawa ya fito, ɗalibai daga Kutama da Sabon Birni da Kabo sukan cika shago, maza a benci, mata a bayan labulen da 'yan Hisba suka ce mu sa. Wuta babu, mai ya yi tsada, intanet kuwa tafiyar hawainiya. Idan aka ce a duba wa kowa ɗaya bayan ɗaya, man janareta zai ƙare ba a yi rabi ba. Shi ya sa ka zauna ka rubuta manhajar da ke tura buƙatu da yawa zuwa shafin hukumar jarrabawa a lokaci guda. Ka kira su 'yan aike: kowanne ya ɗauki lambar ɗalibi ɗaya ya je ya dawo da amsa.

A shekarar farko 'yan aiken nan wuri ɗaya suke ajiye abin da suka ɗauko. Biyu suka dawo tare, ɗaya ya zuba nasa a kan na ɗan'uwansa, sai takarda ta fito da sunan wata yarinya, Asta daga Kutama, ɗauke da makin wani yaro da ya faɗi. Ta karɓa, ta tafi gida da kukanta. Kai ne ka lura daga baya cewa akwai darasin da ba ta taɓa zaunawa ba a ciki. Ba ka jira gari ya waye ba, ba ka aiki kowa ba. Ka hau babur cikin taɓo har ƙofar gidansu, ka durƙusa gaban mahaifinta ka ce kuskuren daga hannunka yake, ga nata na gaskiya. Yanzu Asta tana makarantar koyon ungozoma. Ta zo gaisuwar rasuwarka.

Daga nan ka rushe manhajar ka sake gini. Kowane ɗan aike ka ba shi layinsa da ma'ajinsa, ba mai leƙa na wani. Inda kuwa dole su haɗu, wato wurin buga takarda, ka sa abin da kake kira sakata: idan ɗaya ya shiga ya kulle, sauran su tsaya sai ya fito. Sakatar nan tana jawo jinkiri, kuma mun sha faɗa a kanta. Nakan ce, kai Lukuman, taurin kanka ya yi yawa, mutane na tsaye a rana! Amsarka ba ta canjawa: "Su jira, Haladu. Ba zan sake zuwa ƙofar gidan wani in ce masa takardar da ke hannunsa ba ta 'yarsa ba ce."

Bana ƙanwarka Asiya ta sake zana jarrabawa. Mahaifinku Malam Jibirin ya riga ya faɗa mata cewa wannan ce ta ƙarshe, gida ba zai iya ɗaukar nauyin wata ba. Ka yi mata alkawarin kai da kanka za ka duba mata.

Sakamakon ya fito ana tsaka da zaman makokinka. Na so in bar shagon a rufe, amma yara sun taho daga nesa. Na kunna kwamfutarka, na shigar da lambobinsu, na sa ta Asiya a ciki. Man da ke jarka ya kusa ƙarewa, janareta ya fara tari, wani dattijo yana ta faɗa daga waje. Ka taɓa nuna mini inda ake cire sakatar. Hannuna ya je wurin, ya tsaya, na janye shi. Muka zauna muna kallon takardu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, yadda ka tsara. Ta Asiya ta fito, ba a jima ba janareta ya mutu.

Ta ci, Lukuman. Har Turancin da ya kayar da ita bara.

Na kai takardar Kabo da la'asar. Malam ya sa aka kira ta bakin zaure. Ta duba sunanta, ta duba makin, ba ta yi murmushi ba. Duk Kabo an san labarin Asta. Ta ce, "Yaya Haladu, ka tabbata nawa ne?" Na ce, "Naki ne. Ban taɓa sakatar ba." Sai ta rufe fuska da mayafi. Malam ya ce alhamdulillahi a hankali, ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa na tsaya ina kallon takalmana.

Allah Ya jiƙanka, Lukuman, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka tsaya kada a ba wani abin da ba nasa ba, Allah Ya ba ka littafinka a hannun dama. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyayenka, Malam Jibirin da Inna Uwaliya, da dukkan dangi na Kabo da Gwarzo, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Ke kuma Asiya, ki sani ni dai maɓalli na danna. Yayanki ne ya duba miki, kamar yadda ya yi alkawari.